Yadda Ake Hana Ɗan Kallo Nutsewa: Jagorar Mai Ba da Labari a Wasan Kwaikwayon Siyasa

Wata Lahadi bayan la'asar, a wani fili da ke bayan layin dogo a Agege, nan Legas, muka yi wasa a kan ɗan acaɓa da aka ƙwace wa mashin. Yaron da ya fito a ɗan acaɓan ya iya wasa, har iyawar ta yi mana yawa. Da ya durƙusa yana roƙon jami'i, muryarsa na rawa, sai na hango wata dattijuwa mai fura tana goge ido da bakin mayafi. Aka tashi ana ta sa mana albarka. Wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, kun taɓa mana zuciya, Allah dai ya saka wa talaka." Na tafi gida ina fara'a. Sai da na kwanta na gane cewa faɗuwa muka yi. Jama'a sun kalli yadda ake tatsar ɗan'uwansu, sun yi kuka, sun ja Allah ya isa, sun watse. Babu wanda ya tambayi nawa yaron yake biya a rana kafin ya kai ko sisi gida, wa ke karɓa, da wace doka, ko kuma dalilin da ya sa shi ke durƙushe alhali mai mashin ɗin yana gida.

Tun daga ranar na daina auna wasan siyasa da yawan hawaye. Da gardamar da ta ɓarke bayan an tashi nake auna shi. Akwai dabarun da ke haifar da irin wannan gardama, kuma su zan bi ɗaya bayan ɗaya, da misalin ɗan acaɓan nan.

Sunan da ya fi fita a wannan fanni shi ne Bertolt Brecht, marubucin wasan kwaikwayo Bajamushe da aka haifa a 1898 ya rasu a 1956, wanda ya gudu daga ƙasarsa a 1933 da Hitler ya hau mulki. Shi ya raɗa wa dabarar suna da Jamusanci, ma'anarsa mayar da abin da aka saba da shi ya zama baƙo a ido. Ni nesantawa nake ce mata. Abin da mutum ke gani kullum ya daina ganinsa. Mai yankan tikiti a bakin tasha ya zama kamar ruwan sama, abu ne da Allah ya saukar. Aikin nesantawa shi ne a ja ɗan kallo baya taku biyu har ya ce, "Kai, wai dama haka ake yi? To wa ya ce a yi haka?" Brecht da kansa ya ɗanɗana irin tawa faɗuwar. Da aka fara nuna wasansa na matar nan mai bin sojoji da keken kaya tana cin kasuwar yaƙi, a birnin Zurik a 1941, sai masu kallo suka tausaya mata a matsayin uwar da ta rasa 'ya'ya, suka manta cewa cinikinta ne ya ci su. Sai da ya gyara wasu wurare kafin a sake nuna shi a Balin a 1949.

Kada sunan Bature ya sa ka ɗauka abin daga nesa yake. Yaron da ya manna gemun auduga a tashe yana dogara sanda, kowa a unguwa ya san ɗan gidan wane ne, kuma shi ma bai ɓoye ba. Kana ganin tsohon, kana ganin yaron da ke nuna tsohon, lokaci guda. Ɗan kama yana kwaikwayon wa'azin malami amma tuwo da miya yake karantawa. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa a gabansu, kowa ya ga halinsa a jikin wani. Mai tatsuniya kuwa ba ta taɓa yaudarar yara cewa ita ce Gizo ba: ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta shiga muryar Gizo, ta fita ta tsawata wa mai gyangyaɗi, ta koma. Kayan aikin namu ne. Abin da za mu ƙara shi ne mu yi amfani da su da gangan.

Mataki na farko: ka nemo tambaya, sannan ka nemo lissafi

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya, ka zauna da 'yan ƙungiyarka ku mayar da jigon wasan tambaya. "Wahalar ɗan acaɓa" jigo ne na kuka. "Ina kuɗin da ɗan acaɓa ya samu yau suka tafi?" tambaya ce da za a iya bin sawunta. Daga nan ku watsu. Ku zauna da masu sana'ar a inda suke shan shayi, ku tambayi balas ɗin da ake kai wa mai mashin, tikitin da ake yanka da safe da na rana, kuɗin mai, abin da ake bayarwa idan an tare mutum. Ku nemi tarihin dokar kuma: gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu yankuna a Fabrairun 2020, ta sake tsananta hanin daga 1 ga Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. Ku ji hujjar hukuma ta hatsari da tsaro, ku ji ta fasinjan da aka taɓa karya wa ƙafa. Idan ba ku da hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta, wa'azi za ku yi, kuma ɗan Legas ba ya tsayawa wa'azin da ya riga ya san ƙarshensa.

Duk adadin da za ku faɗa a fage ya kasance wanda kuka ji da kunnenku daga mutum fiye da ɗaya. Cikin 'yan kallo akwai wanda ya biya kuɗin nan da safiyar ranar. In kun ƙara gishiri zai faɗa da ƙarfi, daga nan kuma babu mai yarda da sauran maganarku.

Mataki na biyu: gwajin ganau

Wannan shi ne gwajin da nake fara kowane shiri da shi, kuma Brecht ma ya ɗauke shi ginshiƙin dukan tsarinsa. Ka tuna abin da ke faruwa idan mota ta buge mutum a bakin titi, a ce a Ketu ko gaban kasuwar Mile 12. Nan take za a sami wani da abin ya faru a idonsa, jama'a sun kewaye shi. "Direban ga yadda ya riƙe sitiyari, hannu ɗaya, ɗayan yana waya. Shi kuma dattijon ya sauko haka, yana ɗingishi, bai waiwaya ba." Ya nuna direba, ya nuna dattijo, ya koma kansa. Ba ya kuka, ba ya birgima a ƙasa. Abin da ya isa a gane mai laifi kawai yake nunawa. In wani ya ce, "A'a, da ƙafar hagu ya fara saukowa," sai ya maimaita ya gyara. Masu sauraronsa kuwa alƙalai ne, kowa na yanke hukunci.

Ka sa kowane ɗan wasa ya kawo wani abu da ya gani da idonsa a makon, ya ba da labarinsa haka cikin minti uku, yana shiga mutanen yana fita. Sauran su katse shi da tambaya. Za ka ga waɗanda suka saba da salon fim suna son su nutse, su yi ta jan numfashi suna neman hawaye. Ka dakatar da su ka ce, "Ba kai ba ne, nuna mana shi." Sai kun yi kwanaki kuna wannan kafin ku taɓa rubutun wasa. Wanda ya iya zama ganau ya iya rabin aikin.

Mataki na uku: gina mai ba da labari

A nan mafi yawan ƙungiyoyi ke tuntuɓe, saboda haka zan daɗe.

Ka fara yanke shawarar ko wane ne shi. Murya daga sama, mai sanin komai, marar gida marar sana'a, ita ce mafi muni, domin tana kama da sanarwar gwamnati a rediyo. Ka ba shi sana'a da wurin zama. A namu wasan, da muka sake shi, mai shayin bakin tasha ne. Yana da dalilin ganin komai, tunda kowa a bencinsa yake zama, har jami'in da mai tikitin. Yana da nasa son zuciya kuma: in aka kori 'yan acaɓa cinikinsa ya mutu. Mun bar shi ya faɗi haka da bakinsa tun farko, don jama'a su san shi ma sai an auna maganarsa. Mai ba da labarin da 'yan kallo za su iya yi wa musu ya fi wanda za su haɗiye maganarsa amfani. Mace mai tuwo, mai wankin takalmi, mai gadi, duk suna iya riƙe wannan matsayi.

Sannan ka ba shi wuri. Teburinsa ya kasance a bakin fage, tsakanin 'yan wasa da 'yan kallo, inda zai iya juya wa kowane ɓangare fuska. Ka ba shi abin tsayar da wasa, abu ɗaya da kowa zai gane. Namu cokali yake bugawa a jikin kofin shayi sau biyu, sai kowa a fage ya daskare a yadda yake.

Aikinsa na farko, wanda ke ba sababbin 'yan wasa tsoro, shi ne ya tona ƙarshen labari tun ba a fara ba. Ga irin buɗewar da muka yi:

"Salamu alaikum jama'a. Ga ta nan ga ta nanku. Wannan yaron da kuke gani, kafin azahar za a ƙwace masa mashin, kuma ba zai sake ganinsa ba. Na faɗa muku ne don kada ku ɓata lokaci kuna fargaba. Abin da nake so ku sa wa ido shi ne hannuwa. Ku ƙirga hannu nawa zai shiga aljihunsa daga asuba zuwa azahar."

Wani zai ce an kashe daɗin wasan. Gwada ka gani. Mutumin da ba ya jiran ya ga abin da zai faru, hankalinsa kan koma ga yadda abin ya faru, kuma nan ne siyasar take. Mun ji mutane suna ƙirgawa da ƙarfi, "Uku ke nan! Huɗu!"

Aikinsa na biyu, katsewa. Ka nemo wurin da tausayi ko fushi ya kai ƙololuwa, ka sa cokalin ya buga daidai nan. Yaro na durƙushe, jami'i ya ɗaga hannu, sai kowa ya daskare. Mai shayi ya taso ya zagaya su yana kallo kamar mai taya rago, ya ce, "Ku dubi wannan da ke tsaye. Shi ma akwai wanda ke jiransa da yamma ya kawo nasa kason. Ku dubi na durƙushe. Jiya ya bi hannun da ba nasa ba, ya kusa kashe wata yarinya. To yanzu mu ci gaba." Tausayin bai tafi ba, amma ya sami abokin zama.

Aikinsa na uku, lissafi a bainar jama'a. Mun zuba marafan kwalba a faranti a matsayin cinikin yini. Duk wanda ya karɓi wani abu daga yaron, mai shayi ya kwashe marafai daidai kasonsa ya zuba a kofi mai ɗauke da sunan mai karɓa. Da aka zo ƙarshe ya ɗaga farantin ya karkata shi kowa ya ga abin da ya rage. Shirun da aka yi a lokacin ya fi kukan ranar farko nauyi.

Abin da ba zai yi ba guda biyu ne. Kada ya faɗi abin da ido ya riga ya gani. Idan yaro na kuka, ba a bukatar a ce "ga shi yana kuka". Kada kuma ya faɗi darasin wasa. Da zarar ya ce "saboda haka jama'a mu haɗa kai", ya ƙwace wa 'yan kallo aikinsu. Idan ka ga jawabinsa ya wuce minti ɗaya ba tare da wani ya motsa ba, ka yanke.

Legas ta ba mai ba da labari wani aiki da ba shi da shi a Kano ko Zariya. A fili irin na Agege ko Idi-Araba ko Alaba Rago, cikin masu kallonka akwai Bayerabe mai gidan haya, akwai yaran da aka haifa a nan waɗanda Yarbanci ya fi Hausa zama a bakinsu. Ka bar mai shayi ya riƙa juya maganar a taƙaice zuwa Yarbanci ko Turancin buroka. Wannan tafinta ita kanta nesantawa ce, tunda magana ta biyu tana zuwa a sanyaye, an cire mata zafi. Har wasa muka yi da ita: jami'i ya yi doguwar magana mai daɗi a kan doka da oda, mai shayi ya fassara da kalma biyu, "Kawo kuɗi."

Mataki na huɗu: allo, kaya da haske

Wannan ba shi da wuya. Kowace fitowa ta sami take a rubuce a kwali, da boko da ajami in da hali, yaro ya zagaya da shi, mai ba da labari ya karanta saboda wanda bai iya karatu ba. Taken ya faɗi abin da zai faru: "Fitowa ta uku, inda mai mashin ya ƙara balas saboda an ƙara masa kuɗin haya." Erwin Piscator, mai shirya wasan kwaikwayon da Brecht ya yi aiki da shi a Balin a shekarun 1920, da majigi yake haska alƙaluma da hotuna a bayan 'yan wasa. Kai kwalin indomi da alli sun ishe ka.

Kada ku yi labule. 'Yan wasan da ba sa cikin fitowa su zauna a benci a gefe, a idon kowa. Kayan wasa a rataye su a igiya, mutum ya taso ya ɗauki hula ya zama jami'i, ya ajiye ya koma kansa. Alama ɗaya ta isa kowane matsayi: hular kwano, usur, damin tikiti, babbar riga. Mashin na gaske ba shi da amfani a fage, yana janye idon yara. Benci da sanda a gicciye sun fi shi. In da dare ne, fitila ta haska 'yan kallo kamar yadda ta haska 'yan wasa, don mutum ya ga fuskar maƙwabcinsa. A duhu kowa shi kaɗai yake jin abin da yake ji.

Mataki na biyar: horar da ɗan wasa ya nuna, kada ya zama

Akwai atisaye uku da Brecht ya ba 'yan wasansa, kuma suna aiki da Hausa sarai. Ɗan wasa ya faɗi layinsa kamar a kan wani yake magana, ya mayar da shi abin da ya riga ya wuce, ya kuma faɗi motsin da yake yi da baki. Maimakon "Ranka ya daɗe ka taimake ni", sai ya ce, "Sai yaron ya cire hula, ya dubi ƙasa, ya ce ranka ya daɗe ka taimake ni." Ku yi dukan wasan haka sau biyu ko uku a gwaji, sannan ku cire ƙarin. Wani ɗan sanyi zai saura a muryar, irin na mai ba da shaida. Wani lokaci mukan bar layi ɗaya ko biyu a haka har ranar wasa.

Sai musayar matsayi. A tsakiyar wasa, mai ba da labari ya karɓi hular jami'i ya ɗora wa wanda ke ɗan acaɓa, ya miƙa wa ɗayan hular kwano. A gaban jama'a wanda ake mari ya koma mai mari. Ba sai an yi bayani ba, kowa ya gane cewa hular ce ke marin. Wannan dabara na da muhimmanci na musamman a gare mu a nan. Garin da ya ga rikicin Idi-Araba a Fabrairun 2002 da na Mile 12 a Maris 2016 ba wurin da za ka sa mugun da ke cikin wasa ya riƙa magana da karin harshen wata ƙabila ba ne don a yi dariya. In ka yi haka, fushin da ka tara zai sauka a kan maƙwabci, tsarin da ke tatsar su duka biyun kuma ya tsira. A namu wasan mai mashin Bahaushe ne, fasinjar da ta tsaya wa yaron kuwa Bayarabiya ce, kuma da gangan muka yi.

Ka nemo wa kowane matsayi motsi ɗaya da ke nuna alaƙarsa da kuɗi ko iko. Mai tikiti ba ya kallon fuskar wanda yake karɓa a hannunsa, idonsa na kan mashin na gaba. Mai mashin yana lasar yatsa kafin ya ƙirga balas, yana ƙirgawa yana tambayar lafiyar iyali. Yaron yana dunƙule kuɗin cin hanci a tafin hannu ya miƙa kamar gaisuwa. Irin waɗannan ba a ƙirƙiro su a ɗaki, a titi ake tsinto su.

Abu na ƙarshe a nan: duk inda mutum ya yanke shawara a wasa, a nuna cewa akwai wata hanyar da bai bi ba. Sauran 'yan acaɓa suna kallo ana tafiya da mashin ɗin ɗan'uwansu. Ɗaya ya ɗaga ƙafa zai matsa, ya tsaya, ya mayar da ita, ya tayar da nasa mashin ya tafi. Ƙafar nan da aka ɗaga aka mayar ita ke gaya wa ɗan kallo cewa abin da ya faru zaɓi ne.

Waƙa

Waƙar fim tana zuwa ne ta ƙara wa hawaye gudu. Taka ta zo ta tare su. Ka raba ta da wasan a fili: 'yan amshi su taso su jeru, a buga kalangu ko a kifa ƙwarya, mai ba da labari ya sanar cewa yanzu waƙa za a yi. Ka haɗa kiɗa mai daɗi da magana mai ɗaci. Mu kirari muka yi wa tikiti, irin wanda maroƙi ke yi wa basarake, ana koɗa shi da cewa ba ya fashi ko ranar sallah. Jama'a suka yi ta dariya, can kuma dariyar ta tsaya musu a wuya. Amshin ya zama gajere yadda za a tafi da shi gida.

Mataki na shida: matsar da labarin in ya cancanta

Wani batun ya yi zafin da ba a taɓa shi kai tsaye, ko kuma mutane sun riga sun ja layi a kansa. Sai ka ɗauke shi ka kai wani gari ko wani zamani. A 1941 Brecht ya rubuta hawan Hitler mulki a matsayin labarin wani ɗan daba a Shikago da ya mamaye kasuwar farin kabeji, abin da duk wanda ya san harkar kayan gwari zai gane nan take. Hubert Ogunde, wanda ya kafa ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo a nan Legas, ya yi wasa a 1964 a kan wani sarki da mataimakinsa ya ci amanarsa. Kowa ya san rikicin Awolowo da Akintola, manyan 'yan siyasar ƙasar Yarabawa, ake nufi, har gwamnatin Jihar Yamma ta hana shi wasa a yankinta, sai a 1966 aka ɗage hanin. Wannan ya nuna maka abu biyu: lulluɓi yana sa magana ta shiga, kuma ba ya hana mai iko ganewa. A Kenya ma, wasan da marubuci Ngugi wa Thiong'o ya shirya da ƙauyawan Kamirithu da harshen Kikuyu a 1977 ya kai shi gidan yari na kusan shekara guda.

Gare mu hanya mafi sauƙi ita ce tatsuniya. Ɗan acaɓa ya zama mai jaki a wani gari da sarki ya hana jakuna bin ƙofar gabas, Kura ta zama mai karɓar kuɗin ƙofa, Gizo dillali. Amfanin bai tsaya ga kariya ba. Ɗan kallo da kansa zai yi aikin haɗa jaki da mashin, kuma abin da mutum ya gano da kansa ya fi zama masa. Kada dai ku ambaci sunan wani mutum mai rai a fage, ku kira kowa da matsayinsa.

Mataki na bakwai: miƙa wa jama'a ƙarshen

Marubucin Najeriya Femi Osofisan yana da wasa a kan 'yan fashi huɗu, wanda ya taso daga zamanin da ake harbe 'yan fashi a bainar jama'a a bakin tekun Bar Beach. A ƙarshensa mai ba da labari kan tsayar da komai ya tambayi 'yan kallo wa zai yi nasara, sojoji ko 'yan fashi. Augusto Boal, mai shirya wasan kwaikwayo na Brazil, ya wuce nan: ɗan kallo ne ke tasowa ya karɓi matsayin wanda ake zalunta ya gwada tasa dabarar. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya kai irin wannan aiki Samaru da ƙauyukan Zariya tun shekarun 1970.

Ga yadda za ka yi. Bayan fitowar ƙarshe, mai ba da labari ya ce za a maimaita fitowar kamun, duk wanda ya ga inda ya kamata a yi wani abu dabam ya ce "Tsaya!" Wanda ya faɗa, a miƙa masa hular kwano ya shigo. 'Yan wasanka kuma kada su sauƙaƙa masa: jami'i ya ci gaba da zama jami'i, mai tikiti ya nemi wata hanyar karɓa. Wani zai zo da faɗa, a ga inda faɗa ke kaiwa. Wani zai ce a tara kuɗi a ɗauki lauya, sai mai shayi ya tambaya wa zai riƙe kuɗin, nan ma wata gardamar ta tashi. Wani zai ce a koma gida a yi noma, wani daga baya ya amsa masa da abin da ya koro shi daga gonar. Mai ba da labari ba ya zaɓar wanda ya yi daidai. Tambaya kawai yake yi: "Wannan zai yiwu gobe da safe? Wa ya taɓa gwadawa?" Ka tanadi mutum biyu da za su fara tasowa idan kunya ta hana jama'a, ka kuma kira mata da dattawa da kanka, don samari kan cinye filin.

Kafin duk wannan, ka je ka gaida Sarkin Hausawan unguwar da shugabannin kasuwa ko tasha, ka gaida baale, wato mai unguwar Yarabawan wurin, ka faɗa musu abin da wasan ya ƙunsa ba tare da rufa-rufa ba, ka ba su kujera a gaba. Ka sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa idan fili ne na jama'a. Wasan kansa kada ya wuce minti 40, domin a bar wa gardama kamar rabin awa. Ku fara da an sallame la'asar. Da ladan ya kira magariba fili zai watse ko an gama ko ba a gama ba, saboda haka ka sa wani ya riƙe agogo ya yi wa mai shayi alama saura minti goma, ya buga cokalinsa, ya ce ƙurunƙus, ya fara tattara kofuna.